Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhajin da ya ce muna raina sarauta a aji

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin rediyo ka kira sunana, ka tambayi dalilin da ya sa mu malaman nazarin zamantakewa muke koya wa yara cewa matakan gwamnati uku ne, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, ba mu sa Sarkin Musulmi a ciki ba. Ka ce raini ne ga gidan Shehu. Ka kuma ce muna cusa wa yara addinan wasu.

Zargin raini ya yi mini ciwo ƙwarai. Duk wanda ya san ni a Sakkwato ya san ba na wuce fada da takalmi a ƙafa. Da neman sani ya kawo ka, Alhaji, ƙofar makaranta a buɗe take. Amma ka zaɓi lasifika, a daidai lokacin da masu neman kujera ke rububin nuna su ne masoyan fada.

Ba malami ya cire sarauta daga gwamnati ba. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka riƙe sarakuna ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, da alƙalansu da 'yan doka da gidan yari da baitulmali. A ƙarshen shekarun 1960 sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran aikin mulki, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Kundin tsarin mulki na 1999 bai ware wa sarakuna wani aiki ba, sashe na 7 kuwa zaɓaɓɓun shugabanni ya sani a ƙaramar hukuma, irin guda 23 da muke da su a jihar nan. Ai da idonmu muka ga an sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996. In na ɓoye wa yaro wannan, na cuce shi, kuma zai faɗi jarrabawa.

Sarauta tana da nata darasi, kuma muna yin sa da girmamawa: hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, kafa Sakkwato a 1809 a hannun Muhammadu Bello, majalisa da su Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi, sai uwayen ƙasa, hakimai, har zuwa mai unguwa. Muna nuna wa yara cewa Sarkin Musulmi ke sanar da ganin wata, kuma kalmarsa guda kan kashe wutar da jami'an tsaro suka kasa kashewa.

Batun addinai ba shi da tsawo. Sanin cewa maƙwabcinka Kirista yana zuwa coci ran Lahadi ba bautarsa ba ce. Sashe na 38 na kundin tsarin mulki ma ya hana a tilasta wa ɗalibi karatu ko ibadar addinin da ba nasa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da rashin sanin iyakar ikon sarauta ke jawo wa talakawa. Mutum ya sayi fili, mai unguwa ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, ya ninke takarda ya adana cikin akwati yana ganin ya gama. Wannan shaidar ciniki ce kawai. A birni gwamna ke ba da takardar mallaka, a karkara ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe ƙasa. Ranar da aka zo fitar da hanya, ko wani ya fito da takardar ma'aikatar filaye, sai gardama ta tashi kan diyya, magada su yi ta zaryar kotu. Da yawansu ba wanda ya taɓa gaya musu wace ƙofa ce ta iko, wace ce ta sulhu.

In kana son sarakuna su sami matsayi a kundin tsarin mulki, ni ma ina so. Hanyarsa ita ce Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Can ya kamata ka kai ƙorafinka, Alhaji, ba kan malamin aji ba.

Wassalam.