Zuwa ga Edita: marubuta soyayyar zamanin da, ku bar zamanin ya yi aikinshi mana

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan jaridar nan, dan Allah ka ara min ɗan fili in yi magana da marubutanmu na littattafan soyayya, musamman waɗanda suka koma rubuta labarin yarima da gimbiya na shekara ɗari biyar ko ɗari shida baya, irin wanda yanzu ya cika guruf-guruf na WhatsApp da odiyo a YouTube, har a nan Damagaram sai kaga ɗan kabu-kabu na jiran fasinja da abin sauraro a kunne ashe labarin gimbiya yake bi. Ni ma ina cikin masu bi, shi yasa abin ke damuna.

Ƙorafina guda ne. A baki labarin na zamanin da ne amma mutanen da ke ciki ƴan yau ne sak, kaman an kwaso ƴan iniversite an naɗa musu rawani an ɗora su kan dawaki ranar hawan salla. Yarima kullum miskili ne baya dariya baya magana sai ɗaga gira, gimbiya kullum fara ce mai gashi har gadon baya, aikinta kuka da suma, sai su haɗu a lambun gidan sarki da tsakar dare su biyu rak suna hira har asuba tana kiran sunanshi gatsal. Haba jama'a. Ta ina ta fito? Soro nawa ta ƙetare, ina bayin da ke tsaron ƙofa, ina jakadiya, ina kuyanginta da ke kwana bakin ɗakinta? Kakanninmu na jiya-jiyan nan ma basa faɗin sunan miji saboda alkunya balle ɗiyar sarki ta wancan lokaci. Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, wanda yayi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kulle, shi ya fara baiwa babanni, wato bayin da aka dandaƙe, sarautu a fada. To in ka ɗora labarinka a wannan zamanin, yanda zasu ga juna sau ɗaya tak ya isa ya cinye maka rabin littafi, kuma mai karatu bazai gaji ba tunda kowane taku akwai wanda zai iya rasa kanshi.

Sannan abinci, wannan kam dariya yake bani. Gimbiyar zamanin Rumfa wai ta girka ma yarima tuwon masara da miyar tumatir mai barkono, ta haɗa mai shayi da ƙuli-ƙuli a gefe. Masara, tumatir, barkono, gyaɗa, rogo, taba, duk daga nahiyar Amurka suka fito kuma basu ƙetaro teku ba sai bayan 1492, kafin su iso ƙasar Hausa kuwa an ƙara ɗaukan lokaci mai tsawo, shayi shima baƙo ne na baya-bayan nan. Gero da dawa da fura da nono da kuka da daddawa da kuɓewa da masoro da kimba ai sun ishe ka ka cika akushi. Goro ma a lokacin kayan manya ne, Tarihin Kano ya lissafa goro 10,000 cikin abinda sarkin Nupe ya aika ma Sarauniya Amina, kenan in saurayi ya aiko da goro goma a wancan zamani ba ƙaramar magana yayi ba, kuma marubuci mai wayo zai gina babi guda kan wa ya kawo goron, wa ya gani, wa ya kai gulma.

Abinda nake so marubutanmu su gane shine abinda zai raba masoya ya fito daga cikin zamanin da kanshi. Yanzu kusan duk labari da abu uku ake ƙulla shi, kishiya ta je gun boka, waziri mugu ya yi sharri, sai kuma aljani ya sace amarya, to wannan ko a Yamai ta bana ka ɗora labarin zai zauna, meye amfanin komawa baya kenan? Alhali zamanin cike yake da abin ƙulli. A lokacin Rumfa an yi yaƙi tsakanin Kano da Katsina shekara 11 ba wanda ya ci wani. Ka ɗauki yarinya ɗiyar marini a Kano da yaro Bakatsine almajiri ko falke da yaƙi ya rutsa dashi cikin gari, shekara 11 Malam Edita, yarinya zata girma, ubanta zai gaji da jira, za'a bada ita, yaron zai koma wani mutum daban, baka buƙatar boka ko guda.

Ko kuma nisa. Mu nan mun san ayarin gishiri, wanda ke tashi daga Abzin bayan damina ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ya ɗauko kantu da dabino sannan ya gangaro Damargu da nan har Kano neman hatsi. Sau ɗaya ne a shekara. Fataken Gwanja masu goro kuwa tafiyar watanni ce da madugu da jagaba da uban dawaki, wani ya dawo wani sai dai labarinshi. Babu salula babu rezo, takarda ma mai tsada ce daga arewa ake kawota ta hamada kuma ba kowa ke karatu ba, saƙo a bakin mutum yake tafiya, shi kuma mutum yana da nashi buri, zai iya ƙarawa zai iya ragewa zai iya mutuwa a hanya da saƙon a cikinshi.

Bari in kwatanta abinda nake nufi. Ayari ya sauka zango da la'asar, raƙuma sun durƙusa ana kwance kaya, yarinya bata da ikon zuwa sai ta aiki tsohuwar da ke kai fura. Tsohuwa ta zagaya ta dawo da ƙwaryarta, yarinya na daka bata ɗago kai ba saboda uwarta na zaune nan kusa tana kaɗi, tsohuwa ta aje ƙwarya ta ce madugu dai ya dawo lafiya, jagaba ma lafiya, raƙumin nan mai tabo a wuya shima ta ganshi amma wani yaro ne daban ke janshi. Daga nan bata ƙara komai ba. Yarinya ta cigaba da daka, sai da uwar ta ce ke wannan gero ai ya zama gari tun ɗazu. Ba suma ba ihu ba shafi uku na hawaye, amma mai karatu ya san abinda ya faru kuma zai so ya ji ko mutuwa yayi ko sayar da raƙumin yayi ko kuma tsohuwar ce aka biya ta faɗi haka.

Sai maganar halin mutanen. A littattafan nan wanda aka fara dashi mugu da mugunta zai mutu, mai kirki kuma ko ƙuda bai taɓa kashewa ba, ba mai canzawa daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Waziri ya ƙi auren, to me yasa? In dai an nuna mana cewa auren ɗiyar sarki shine abinda zai tsaida yaƙi da maƙwabta, ko shine zai sa fatake su cigaba da bi ta garin, sai waziri ya zama mutum mai hujja, mai karatu ya rasa bayan wa zai bi, nan ne daɗin yake. Haka mata. Wasu marubutan in suna son nuna mace mai ƙarfi sai su bata takobi da doki kawai su ce ai Amina ma tayi. Akwai wani irin ƙarfin. Tarihin Kano ya kawo Madaki Auwa, uwar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, ya ce lokacin da ɗanta ya fita yaƙi Dagaci, wani babba mai asalin Barno da ke zaune a Kano, ya shirya tawaye kuma ita ce ta hana abin ya lalace, daga cikin gida fa. Irin wannan matar in ta ƙi yarda da soyayyar jikarta ba sai ta tafi gun boka ba, kalma ɗaya zata faɗa a gaya ma wanda ya dace.

Abinda yafi ƙona min rai kuwa shine ƙarshen nan na ashe. An sha wahala shafi ɗari uku gimbiya na son bawa, sai a babin ƙarshe wata tsohuwa ta fito da zobe ta ce ashe ɗan sarkin wani gari ne aka sace tun yana jariri, shikenan a ɗaura aure kowa yayi murna. Wannan gudu ne. Marubucin ya tada tambaya mai nauyi, shin ɗiya zata iya auren bawa, da ya ga ta fi ƙarfinshi sai ya ce ai dama ba bawa bane. Bauta gaskiya ce a tarihinmu, kuma akwai bayin sarki da suka riƙe sarauta da dukiya suka fi ƴaƴa da yawa iko amma duk da haka akwai ƙofar da bata buɗe musu, ka bar shi bawan ka nuna mana me kowannensu ya rasa kafin su samu juna, ko kuma basu samu ba ma.

Na san wani ɓangare na matsalar yanda ake rubutun ne, kullum sai an saki sabon shafi, masu karatu na kwament suna cewa dan Allah kar ki kashe wane, a ƙara ma wance wahala, ga waɗanda suka biya kuɗin guruf suna jira, sai labari yayi ta miƙewa littafi na ɗaya na biyu na uku ba tare da marubuciya ta san inda zata sauka ba. Ban ga laifin neman na cefane ba, amma a zauna a san ƙarshe kafin a saki farko.

Ƴan uwana na Damagaram kuma, na ga an fara rubuta labarin fadarmu ana cewa shekara ɗari shida baya. Masarautar Damagaram a ƙarni na 18 aka kafata, ƙarƙashin inuwar Barno, bata kai can ba. In tsohon zamani sosai kuke so ga Agadas, ga Katsina, ga Daura, ga Ngazargamu. In kuma gida kuke so, zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu 1884 ya wadatar, shi ya ja ganuwar Birni, a zamaninshi ake ƙera igwa a garin nan, ga attajiran Zongo da Larabawa da Buzaye, ga abinda ya biyo baya na kashe Kazamaju, kyaftin ɗin sojan Faransa, a 1898 da shigowar Faransawa a 1899. Marigayi André Salifou ya rubuta tarihin masarautar na ƙarni na 19 tun 1971, kuma har yanzu akwai tsofaffi a Birni da makaɗan fada da zasu baka kirari da sunayen sarautu in ka je da ladabi da ɗan goronka.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware ko rabin shafi ne duk wata a riƙa sharhin irin waɗannan littattafan, a samu malamin tarihi ɗaya da marubuciya ɗaya su duba littafi guda tare, in kun buɗe filin ni zan fara aiko nawa.

Naka,
wani mai karatu daga unguwar Zongo, Damagaram