Hunturu ba ya kashe yis, ruwan zafi ne ke kashe shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana masu gidajen burodi da iyayenmu mata masu waina da fanke, kan wata asara da ake tafkawa duk shekara da zarar hunturu ya kankama.

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, da asuba ma'aunin zafi a Kaduna kan sauka zuwa digiri 14 ko 15, kuma daidai wannan lokaci ne ake kwaɓi. Kwaɓin da zai tashi cikin awa guda a watan Afrilu sai ya haura awa biyu yana kwance. Nan take sai a yanke hukunci cewa yis ɗin ya mutu ko na jabu ne. Wani ya ninka yis, wani ya ɗebo tafasasshen ruwa ya zuba, wani kuma, Allah ya kiyaye, ya koma ga buromet da hukumar NAFDAC ta haramta tun zamanin marigayiya Dora Akunyili. Duk cikin ukun babu magani. Buromet ma ba shi da wata alaƙa da saurin tashin kwaɓi, ƙarfi yake ƙara wa fulawa, kuma an hana shi ne saboda haɗarin ciwon ƙoda da sankara.

Yis abu ne mai rai. Sukari yake ci, ya fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi. Aikinsa ya fi kyau idan zafin kwaɓin yana tsakanin digiri 25 da 28. Duk lokacin da zafi ya ragu da kamar digiri 9, saurinsa kan ragu da kusan rabi. A digiri 4, wato sanyin firij, barci yake yi, bai mutu ba, da ya ji ɗumi zai farka. Amma idan zafi ya kai digiri 55 zuwa 60, ya mutu ke nan, babu dawowa. Saboda haka mai tsoron sanyi da ya zuba ruwan da hannu ba zai iya daɗewa a ciki ba, shi ya kashe yis ɗinsa da kansa.

Cikin waɗanda suka yi nazarin halin yis a cikin sanyi akwai masu haɗa giya a gida a Turai da Amurka. Ba tallar giya na zo yi ba, amma yis ɗin da suke sa wa giyar da ake kira ale jinsi ɗaya ne da namu na burodi, don haka abin da suka gano ya shafe mu kai tsaye. Wannan yis a ka'ida yana son digiri 18 zuwa 22. Wasu da gangan suke saukar da shi zuwa 14 ko 15, kamar yadda aka saba yi a biranen Kolon da Dusseldorf na Jamus, saboda a sanyi yis ba ya fitar da ƙamshin 'ya'yan itace da yawa. Amma akwai sharuɗɗa. A lita 20 da ƙunshin yis ɗaya mai giram 11 ke isa, sai su sa biyu. Aikin da ke ƙarewa cikin mako guda sai su ba shi biyu. A kwana biyu ko ukun ƙarshe su ɗaga zafin zuwa digiri 19 ko 20 domin yis ya shanye wani sinadari mai warin man shanu da ya bari a baya. Abin da suka fi tsoro kuma shi ne faɗuwar zafi farat ɗaya cikin dare: idan ya yi ƙasa da digiri 12 ko makamancin haka, yis sai ya dunƙule ya kwanta a gindin mazubi, aiki ya tsaya da sauran sukari. Wanda bai lura ba ya ɗura a kwalba, ranar da aka yi ɗumi yis ya farka, kwalabe su yi ta fashewa. Abin ɗauka a nan shi ne sanyi mai tsayawa wuri ɗaya bai kai hawa da sauka ɓarna ba, kuma hawa da sauka shi ne ainihin halin hunturunmu, inda asuba ke 14 azahar ta haura 30.

To mene ne abin yi a gidan burodi? Na farko a sayi ma'aunin zafi, irin mai tsinke da ake cakawa cikin kwaɓi. Kuɗinsa bai kai asarar buhun fulawa ɗaya ba. Da shi ake lissafin zafin ruwan kwaɓi, kuma lissafin ba wuya. A ɗauki zafin da ake so kwaɓi ya fito da shi, a ce 27, a ninka sau uku, ya ba da 81. A cire zafin fulawa, a cire zafin ɗaki, a cire zafin da injin murza ke ƙarawa. Misali fulawa tana 19, ɗaki yana 16, inji yana ƙara 10, abin da ya rage 36, shi ne zafin ruwan da za a zuba. Mai murzawa da hannu ya cire 3 kawai a madadin 10, ruwansa ya zama 43. Kowane inji da nasa zafin, sai mutum ya auna kwaɓinsa bayan murza na 'yan kwanaki ya gane na injinsa. Buhunan fulawa kuma a ɗaga su kan katako, kada su kwana kan siminti, domin fulawa ce ta fi komai yawa a kwaɓi, idan ta yi sanyi ruwa kaɗai ba zai ceto ta ba.

Sai batun yadda ake sa yis ɗin. Mai ƙananan ƙwayoyi da ake cewa na nan take, a gauraya shi da busasshiyar fulawa tukuna kafin ruwa ya taɓa shi. Mai manyan ƙwayoyi kuwa sai an jiƙa shi minti 10 a ruwa mai digiri 38 zuwa 43. Kuskuren da ya fi yawa a hunturu shi ne jiƙa busasshen yis da ruwan randa mai sanyi ƙarara. Fatar ƙwayar ba ta haɗewa da sauri a ruwan sanyi, wasu su mutu, kuma su zubar da wani sinadari da ke sa kwaɓi ya saki ya yi ta manne wa hannu. Wanda ke shakkar yis ɗinsa ya gwada: rabin kofin ruwa mai ɗumi, ƙaramin cokalin sukari ɗaya, yis cokali biyu. Idan kumfa ta taso cikin minti 10, laifin ba na yis ba ne.

Ma'aunin da aka saba shi ne giram 10 na yis ɗin nan take ga kilo ɗaya na fulawa, wato fakiti mai giram 500 ga buhu mai kilo 50. A tsananin sanyi ana iya kai shi giram 600. Ninkawa ɓarna ce. Kwaɓin zai yi kamar bai ji ba da asuba, amma da rana ta ɗaga sai ya tashi fiye da kima, ya yi warin tsami, ya faɗa a cikin gwangwani, burodin ya fito da manyan ramuka yana marmashewa. Burodinmu kuma sukarinsa da yawa, sau da dama ya haura kashi 10 cikin 100 na fulawa, shi kuwa sukari mai yawa yana janye ruwa daga jikin yis. Akwai yis da aka yi musamman domin kwaɓi mai zaƙi, kamar Saf-instant mai fakiti ruwan zinare, saɓanin mai jan fakiti. Gishiri kada ya wuce giram 20 a kilo, kuma kada a zuba shi kan yis kai tsaye.

Iskar hunturu ma tana da nata. Bushewarta na sa saman kwaɓi ya yi ɓawo, ɓawon ya hana shi buɗewa, a gasa ya tsage ta gefe. A shafa mai kaɗan, a rufe da leda, a ɗora bargo. A ɗakin da ake jera gwangwanaye a ajiye tukunyar ruwan zafi a buɗe, ita za ta ba da ɗumi da laima a tare, a nemi digiri 32 zuwa 35. Ina roƙon masu gidajen burodi da babbar murya su hana yaransu shiga da kaskon garwashi ɗakin da aka toshe. Iskar gubar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mai barci.

Iyayenmu masu waina, ku naku ya ɗan bambanta, domin ƙullun shinkafa ba yis kaɗai ke aiki a cikinsa ba. Akwai ƙwayoyin tsami irin na nono, su ne ke ba waina ɗanɗanonta, su kuma sun fi yis son ɗumi. Shi ya sa wainar hunturu kan fito da nauyi, babu tsami babu ido. A kai niƙa da wuri, a haɗa ƙullun tun la'asar maimakon bayan isha, tun yana da ɗumin inji. Dafaffiyar shinkafar da ake haɗawa a bar ta ta huce har yatsa ya iya zama a ciki kafin a sa yis. A juye a kula mai murfi, a bar sarari kamar kashi ɗaya cikin uku saboda tashi, a ajiye a ɗaki kan tabarma ko katako. Sukari kaɗan da dare, sauran da safe. Kanwa ko bekin fauda sai an ɗora tanda, domin idan aka sa tun dare kanwa za ta kashe tsamin da ake nema, bekin fauda kuma ya gama aikinsa kafin gari ya waye. Mai fanke ita ma ta kwaɓa da ruwan ɗumi, ta rufe, ta ƙara wa kwaɓin kamar rabin awa ko awa guda kan yadda ta saba.

Ranka ya daɗe, ina kira ga shugabannin ƙungiyar masu gidajen burodi ta jihar nan da su tara ma'aikata kafin Nuwamba mai zuwa a koya musu wannan lissafi na zafin ruwa, a kuma sa ma'aunin zafi cikin kayan aikin da ake duba wa kowane gidan burodi.

Wassalam.

Daga wani mai sana'ar burodi,
Tudun Wada, Kaduna.