Farin zanen tsakiyar tambarin Najeriya ba harafin Y ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan tambarin ƙasarmu, wanda kullum muke gani a bangon ofis da kan takardun gwamnati amma ba mai tsayawa ya kalle shi da kyau.

Satin da ya wuce aka kawo fenta ya sabunta shi a bangon makarantar da nake koyarwa, yaro ne mai hannu wallahi, fararen dawakan nan biyu ya fitar da su kamar za su yi haniniya, gaggafar ma ga ta nan ja wur a sama. To da ya zo kan farin zanen da ke tsakiyar baƙar garkuwar sai ya ɗauko rula ya ja layi uku sambal, abu ya koma Y irin na allon 'yan aji ɗaya. Na ce masa ba haka yake ba, ya ce ai malam haka ya gani a hoton da aka turo masa ta WhatsApp.

Ruwa ne fa. Kogin Kwara ne da Binuwai suka taho suka haɗu a Lakwaja suka gangara teku, shi ya sa gefensa yake lanƙwashe kamar igiyar ruwa, kuma tun 1960 haka aka zana shi. Baƙin nan kuma ƙasar nomanmu ce. Su Turawan da suka faro sana'ar zanen tambari a jikin garkuwar mayaƙa tun ƙarni na 12 kowane layi da ƙa'idarsa, akwai gicciye akwai mai kama da jinkar ɗaki akwai wanda ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, manya-manya suke yinsu don a gane mutum daga nesa ko ya rufe fuska da hular ƙarfe. Mai lanƙwasar shi suka saba sa wa ruwa, in ka miƙar da shi ka ƙafar da kogin kenan.

Mu ma ai mun san wannan, dagin Arewa in mai ɗinki ya kuskure saƙa ɗaya a gaban babbar riga nan take za a ce ya warware ya sake.

Roƙona hukumar wayar da kan jama'a ta NOA ta raba sahihin hoton ga makarantu da masu buga takardu. Shi dai fentan namu ya dawo ran Asabar ya lanƙwasa shi, 'yan aji huɗu suna tsaye suna nuna wa juna wanne ne Kwara wanne ne Binuwai.

Naka,
wani malamin firamare daga Zariya