Malam Edita, sa wa ɗa ido ba binciken wayarsa ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na bi tattaunawar da kuka yi kan matasa da shan giya, kuma kusan duk wanda ya tofa albarkacin bakinsa magana ɗaya ce, laifin iyaye ne, iyaye su sa ido. Ban ƙi ba. Amma ba wanda ya tsaya ya faɗa mana mene ne sa idon, shi ya sa na ce bari in rubuto, don ni a ganina yawancin abin da muke kira kulawa ba shi ke hana yaro sha ba.

Abin dai ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a 2019 kashi 23.5 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 19 a duniya suna shan giya, kusan ɗaya cikin huɗu kenan fa. Ga shi ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, musamman ɓangaren gaban nan da ke sa mutum ya taka wa kansa birki kafin ya aikata abu. Wani bincike da ya fito a Amurka a 1997 ya nuna wanda ya fara sha kafin shekara 15 ya fi wanda ya fara da shekara 20 ko sama haɗarin kamuwa har ya kasa dainawa, kusan ninki huɗu.

Toh yanzu ga inda nake so mu tsaya. An daɗe da sanin cewa yaran da iyayensu suka san ina suke, da wa suke, sun fi kaucewa shaye-shaye, sai kowa ya ɗauka ai shikenan, a yi ta bin diddigi. Amma a 2000 wasu masana biyu a Suwidin, Stattin da Kerr, suka tambayi 'yan shekara 14 da iyayensu, wai shin ta yaya iyayen ke sanin abin da suka sani? Sai ta bayyana galibi ba tsare yaro da tambayoyi ne ke kawo sanin ba, yaron ne da kansa ke ba da labari. Wallahi wannan ya yi daidai da abin da kowa ke gani. Yaron yanzu idan ya so ɓoye maka abu ya gama, zai goge saƙon, zai buɗe wani asusun da ba ka sani ba, zai ce yana gidan wane alhali yana wani waje kuma wanen ma an riga an shirya da shi abin da zai faɗa in ka kira, kai kuma kana nan kana jin ai kai mai tsanani ne.

Me ke sa yaro ya daina ba da labari? Sau tari rana ɗaya ce. Ya zo ya ce Baba a wajen walimar gama makaranta wasu sun zo da kwalba har an miƙo min, maimakon a ce masa zauna ka ba ni labari, sai mari, sai ƙwace waya, sai daga yau kar in ƙara ganinka da su. Yaron ya koyi darasi, amma ba wanda kake nufi ba, ya koyi cewa gaskiya tsada gare ta a gidan nan. Gobe in an sake miƙo masa ba za ka ji ba.

Kar a ce ina nufin a sakar musu. A'a. Dole yaro ya ji daga bakinka ƙarara cewa ba ka yarda ya sha ba, ya ji dalili, ya kuma san lokacin dawowa gida. Masu cewa gara ya ɗanɗana a gabana ya saba, su ma an gwada maganarsu. A Ostareliya an bi matasa sama da 1,900 har shekara shida, sakamakon ya fito a 2018, kuma ba a ga wata kariya da ba su giya a gida ta yi ba, hasali ma sun fi waɗanda ba a ba su ba faɗawa shan wuce kima, sun kuma fi zuwa nema a waje. Uban da shi kansa yake sha a gaban 'ya'yansa kuwa, wannan ba sai na ɓata muku shafi ba.

Wani abin da ke ba ni dariya, kowace uwa cewa take abokai ne suka lalata mata ɗa, uwar abokin ita ma haka take faɗi a kan naki ɗan, kuma su biyun ko lambar juna ba su da ita. A nan ne ƙasar Aisland ta burge ni. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 a can sun ce sun bugu a cikin watan da ya wuce, zuwa 2016 ya dawo kashi 5. Ba wa'azin illar giya suka ƙara ba, don sun ga wannan bai yi aiki ba. Doka suka sa cewa ɗan shekara 13 zuwa 16 kar ya wuce ƙarfe 10 na dare a waje lokacin sanyi, 12 lokacin zafi, iyayen 'yan aji ɗaya suka riƙa haɗuwa suna sa hannu kan yarjejeniya, ba za a yi fati ba in babu babba a wurin, ba mai saya wa yaro giya, wasu har sintiri suke fita da dare a unguwanninsu. Gwamnati kuma ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa don yara su samu abin yi bayan makaranta. Kuma an yi ta nanata wa iyaye su ba da lokaci mai yawa, ba ɗan minti goma na nasiha ba.

Na san za a ce ai ƙaramar ƙasa ce mai kuɗi, kuma uwar da ke fita aiki tun asuba ta dawo a gajiye ina ta ga lokaci. Gaskiya ne, ba na ɗora mata laifi. Amma karɓar lambar iyayen abokan ɗanka ba ya cin komai, haka ajiye waya idan yaro ya fara magana, ko da maganar ƙwallo ce da ba ta dame ka ba. Iyaye maza nake nufi musamman, don da yawa sun mayar da kansu kotu, sai an yi laifi ake kai ƙara wajensu.

Roƙona Malam Edita, in za ku sake taɓo batun, ku nemo matasan kansu, ku ɓoye sunayensu, ku tambaye su wa suke faɗa wa in an miƙo musu kwalba, kuma me ya sa ba iyayensu ba.

Na gode.

Taku,
wata uwa mai bibiyarku