Amsa ga ɗan abokina da ya tambaye ni a bainar jama'a ko na koma yi wa sojan Isra'ila addu'a

Assalamu alaikum ɗana,

Na ga tambayar da ka jefo min a Facebook, kuma tunda a gaban jama'a ka yi ta, to a gaban jama'a zan amsa maka. Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba, na yi wani ɗan rubutu ne a kan wata 'yar ajinmu Bayahudiya da muka yi karatun likita tare a birnin Kharkiv na ƙasar Yukren, wadda aka sake kiran ɗanta aikin soja a Isra'ila hankalinta ya tashi, na ce na tausaya mata har na yi mata addu'a. Sai kai ka ɗauki hoton rabin rubutun ka liƙa a shafinka ka rubuta cewa, "Dakta, jinin yaran Gaza ne ba shi da daraja a wurinka, ko biza ake nema, ko dai an biya ne? Musulmi zai yi wa sojan Yahudu addu'a?"

Zancen biza da kuɗi ba zan ɓata yawuna a kansa ba. Na haura shekara sittin, ban taɓa taka ƙasar Isra'ila ba kuma ba ni da niyya, ka san gidan da nake ciki ka san motar da nake hawa tunda a cikinta aka sha kai ka makaranta kana yaro.

Abin da ya hana ni barci shi ne maganar jinin yara. Haba ɗana! Ni likitan yara ne, rayuwata kaf a ɗakin kwantar da yara ta ƙare, na san yadda jikin yaro yake yin sanyi a hannun mutum, na san kukan da uwa take yi in ka fito ka kasa haɗa ido da ita. Ranar da aka saki muryar Hind Rajab, yarinyar da aka kashe a mota tare da danginta a watan Janairun 2024 tana roƙon a zo a ɗauke ta, wallahi ban iya cin abinci ba, kuma abin da na rubuta ranar yana nan a shafina. Na yi rubutu a kan Dakta Adnan al-Bursh, likitan ƙashi na asibitin al-Shifa da ya rasu a kurkukun Isra'ila na Ofer a watan Afrilun 2024, na yi a kan Dakta Hussam Abu Safiya, likitan yara irina, da sojoji suka tafi da shi daga asibitin Kamal Adwan a Disamban 2024. Na goyi bayan ƙarar Isra'ila da Afirka ta Kudu ta kai Kotun Duniya, na yi murna da sammacin kama Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Gallant da kotun manyan laifuka ta fitar a Nuwamban 2024. Tun watan Agustan 2024 ma'aikatar lafiyar Gaza ta ce waɗanda aka kashe sun wuce 40,000, kuma ni ban taɓa kiran wannan da wani suna ba face zalunci. Duk wannan ka tsallake shi don ka ci karo da layi ɗaya da zai tara maka jama'a.

Shi ma layin ba ka kawo shi cikakke ba. Abin da na rubuta mata shi ne, Allah ya dawo miki da ɗanki gida da ransa, ya kuma kiyaye hannunsa daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Ka yanke a kan "da ransa". Tsakaninka da Allah me ya sa ka yanke a nan? Ban roƙa masa nasara ba, ban roƙa wa rundunarsa nasara ba, na roƙi ya bar Gaza ya koma gaban uwarsa, kuma sojan da ya koma gida bindiga ɗaya ce ta ragu a kan mutanen Gaza.

Yanzu bari ka ji ko wace ce wannan matar da mabiyanka suke ta zagi tun jiya. Na je Tarayyar Sobiyat a 1983 ina saurayi ban san kowa ba, sanyin farko ya kwantar da ni da ciwon huhu don rigar da na zo da ita daga gida ba ta wannan ƙasar ba ce. Ita ce ta je ta ɗauko tsohuwar kwat ɗin mahaifinta ta kawo min, a lokacin da wasu a titi in sun ga baƙar fata sai su tofar da yawu. Shekarun nan azumi a Mayu da Yuni yake faɗowa, daidai lokacin jarrabawa, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare ko ma fiye, ga shi kusan komai na kantin makaranta sai ka yi shakkar ko da alade a ciki. Mahaifiyarta ba ta yarda naman alade ya shiga kicin ɗinta, don haka gidansu ne kaɗai nake cin abinci ba tare da na tambayi me aka sa ba. Tsohuwar nan sai ta zuba miyar kaza a kwalba ta nannaɗe da tawul don kar ta huce ta ba 'yarta ta kawo min hostal, tana cewa a gaya wa yaron nan kar ya sha ruwa da shayi da burodi kawai. Mahaifin kuma tsohon sojan Sobiyat ne a yaƙin duniya na biyu, ya dawo daga fagen daga ya tarar 'yan Nazi sun harbe uwarsa da ƙannensa mata a wani kwari a bayan gari da ake kira Drobitsky Yar, inda aka kashe Yahudawa kusan 15,000 tsakanin Disamban 1941 da Janairun 1942. Mutanen nan sun yi min rana, ba zan yi musu dare ba don wani yaro ya tsorata ni a intanet.

Da muka gama a 1990 kowa ya kama gabansa. Ita da iyalinta suka bi ayarin Yahudawan Sobiyat kusan miliyan ɗaya da suka koma Isra'ila a shekarun nan, ta zauna a Ashdod, sama da shekara talatin ba wanda ya ji ɗuriyar wani. Yaƙi ne ma ya sake haɗa mu. Da Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022 aka fara ruwan bama-bamai a Kharkiv, lokacin da ɗalibanmu 'yan Najeriya suke ta gudu zuwa iyakar Poland da Hungary da Romania, sai wani ɗan ajinmu ya buɗe gurup a WhatsApp don a nemi waɗanda suka rage a garin, wannan ya kawo lambar wancan, cikin 'yan makonni sai ga mu mun taru daga ƙasashe daban-daban muna ta fama da Rashancin da ya yi tsatsa a bakinmu, kowa na turo hotonsa da furfura da jikoki. Akwai 'yar ajinmu da take kwana a tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, akwai wani Bayahude a cikinmu da ɗan ƙaninsa yake cikin sojan Yukren, shi ma mun yi ta masa fatan alheri. Na faɗi wannan ne don ka san Yahudawa ba abu ɗaya ba ne da za a yi musu kuɗin goro.

Sai 7 ga Oktoban 2023 ta zo, ranar da Hamas ta kai hari. An kashe mutum wajen 1,200 a kudancin Isra'ila, an tafi da wajen 250, cikin waɗanda suka mutu har da ɗaliban noma biyu 'yan Tanzaniya. Cikin kwanaki kaɗan Isra'ila ta kira sojojin ko-ta-kwana wajen 300,000. A can ba kai kake zuwa neman aikin soja ba, doka ce ga yawancin Yahudawa kana cika 18 za a ɗauke ka, in ka gama kuma sunanka na nan har wajen shekara arba'in, ɗan nata magidanci ne da mata da yara biyu yana aikinsa na kwamfuta aka kira shi. In za su shiga Gaza karɓe wayoyinsu ake yi, sai a yi kwana da kwanaki ba labari. Ta ce min ta gaya wa maƙwabta da dangi duk mai zuwa gidanta ya kira ta a waya tukuna, kar wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, don a can in soja ya mutu hafsoshi ne suke zuwa su ƙwanƙwasa. Mace mai shekara sittin, likita, tana firgita in ta ji takun mutum a matattakala. Wannan nake tausayi.

Kuma kar ka ɗauka lallaɓa ta nake yi. Na gaya mata ɓaro-ɓaro cewa abin da ƙasarta take yi a Gaza kisan bayin Allah ne, na ce da ni ne da na so ɗanta ya ƙi zuwa ko da za a ɗaure shi, kamar yadda wani yaro Tal Mitnick mai shekara 18 ya ƙi aka kai shi kurkukun soja a Disamban 2023. Ta ce min kai ba a nan kake zaune ba, ba kai kake gudu maɓoya in jiniya ta yi kuka ba. Ba ta son Netanyahu, ta sha fita zanga-zangar neman a yi sulhu a sako waɗanda aka kama, amma akwai abubuwa da yawa da har yau ba mu yarda da juna a kansu ba, mun taɓa yin makonni ba ma magana. Haka abotar take, ba daɗi a cikinta yanzu, amma tana nan.

Akwai wanda ba ka san da shi ba a labarin nan. A ajin namu akwai Bafalasɗine, don Sobiyat ta horar da likitocin Falasɗinu da yawa, shi ne ma yake mana limanci a ɗakin hostal tunda ba masallaci a garin a lokacin. Yana aiki a wani asibiti a kudancin Gaza. Ya fita daga gurup ɗin tun ƙarshen Oktoban 2023, an kashe 'yar'uwarsa da 'ya'yanta, ya sha ɗinke yara ba allurar kashe zafi yana haskawa da fitilar waya. In na tura masa saƙo sai ya yi kwanaki da alama ɗaya bai shiga ba, in na ga ta zama biyu sai na yi sujudar godiya. Abin da Allah ya hore min ina neman hanyar da zai kai ga iyalinsa, ban taɓa tallata shi ba kuma da ba don kai ba da ban ambata ba. Ba ya son jin sunan matar nan, ni kuma ban taɓa roƙonsa ya yafe ko ya yi mata magana ba, ba ni da wannan hurumin. Ita kan tambaye ni ko yana raye, in ce yana nan, iyakarta ke nan. Ya san sarai ina magana da ita, bai taɓa ce min maci amana ba, bai taɓa tambayata nawa aka biya ni ba. In shi da ya binne 'yar'uwarsa bai faɗa ba, kai da kake kwance kan katifa da waya a hannu wa ya ba ka izini?

Ta fuskar addini ni ba malami ba ne amma na zauna gaban malamai kafin a haife ka. Yana cikin Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawar Bayahude Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa ta Bayahude ce ya ce shin ba rai ba ce? Ya je duba yaro Bayahude da ba shi da lafiya. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Za ka ce waɗancan ba mayaƙa ba ne, to ita ma ba mayaƙiya ba ce, uwa ce.

Mu ma ai muna da iyayen sojoji a unguwanninmu. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgin soja mara matuƙi ya saki bam kan masu Maulidi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, aƙalla mutum 85 suka mutu, da yawansu mata da yara. Bayan da sojoji suka buɗe wa 'yan Shi'a wuta a Zariya a Disamban 2015, gwamnatin Kaduna da kanta ta ce an binne gawa 347 a rami ɗaya. Amma in wata tsohuwa ta aiko masallaci a yi wa ɗanta da yake Borno addu'a, yi muke yi, ba wanda yake tsare ta ya ce sai ta ba da bayanin Tudun Biri. Na duba shafinka na makon da abin Tudun Biri ya faru, ban ga ko layi ɗaya ba, haka yaran da tamowa take kashewa a Katsina da Zamfara da muke gani da idonmu ban taɓa ganin ka yi maganarsu ba, ƙila don ba sa kawo mabiya.

Wannan ɗabi'ar ce take ci min rai, kuma ba kai kaɗai ba ne. An mayar da musibar Falasɗinawa hanyar neman suna, a yanko rabin maganar dattijo a ja layi da jan launi a sake wa jama'a, kowa ya zo ya kafirta shi ya wuce. Kun san ƙasar da muke ciki, kun san an sha kashe mutane a kan zargin da ba wanda ya tsaya ya bincika. Tun jiya saƙonnin barazana suke shigo min, har 'yata aka kira a gidan mijinta ana tambayarta ko babanta ya bar Musulunci. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, mun sha yin musu da shi har murya ta tashi, amma zuwa yake ya same ni a zaure.

Abin da nake nema a wurinka ba shi da yawa. Ka saka cikakken rubutuna a inda ka saka rabin, ka bar mutane su karanta su yanke hukunci da kansu. In da sauran tambaya ka zo gida ranar Juma'a bayan la'asar ina nan. Matar nan kuma in ta kira ni gobe zan ɗauka, in abokina na Gaza ya samu caji ya kira shi ma zan ɗauka. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ban riƙe ta da komai ba.

Wassalam,
Abokin mahaifinka