Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa Kan Hoton Asibiti Da Jikin Jarirai

Assalamu alaikum, Mai girma Gwamna. Allah ya ja zamaninka.

Ina rubuto maka ne kan hoton eksire da na CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, da ake yi wa ƙananan yara da mata masu juna biyu. Na'urorin nan da wani haske mai ratsa jiki suke aiki, wanda ake kira radiyeshan. Ido ba ya ganinsa, jiki ba ya jin zafinsa, amma yana iya yi wa ƙwayoyin halitta lahani. Jariri kuwa ƙwayoyinsa kullum cikin ninkuwa suke, kuma akwai doguwar rayuwa a gabansa da lahanin zai iya rikiɗewa ya zama ciwon daji.

An gwada wannan a kan dabbobi. A Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka an bi rayuwar karnuka 1,680 har mutuwarsu. Wasu an haska su suna cikin uwa, wasu kwana 2 da haihuwa, wasu sai da suka shekara, aka bar wasu ba a taɓa su ba domin kwatantawa. Waɗanda hasken ya sama dab da haihuwa, ko jim kaɗan bayanta, su suka fi kamuwa da ciwon daji tun suna ƙanana. A Japan ma binciken ɓeraye ya nuna cewa hasken ya fi rage tsawon ran wanda aka haska yana jariri fiye da wanda ya riga ya girma. Gaskiya ne abin da aka ba dabbobin ya zarce na hoton ƙirji guda nesa ba kusa ba, amma sun nuna mana lokacin da jiki ya fi rauni.

Mutane ma haka abin yake. Tun 1956 likita Alice Stewart ta gano a Ingila cewa hoton eksire ga mai ciki yana da alaƙa da sankarar yara. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chanobil a Yukren a 1986, wadda ta watsa radiyeshan, fiye da mutum 6,000 da suke yara ko matasa a lokacin sun kamu da sankarar ƙululun wuya zuwa 2005, galibi saboda madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa.

Ranka ya daɗe, ba ina cewa a guji hoto ba ne. Yaron da ya faɗo daga babur ya bugi kai, CT na iya ceton ransa, kuma haɗarin hoto ɗaya kaɗan ne. Abin da ke damuna shi ne hoton da babu dalili, da wanda ake maimaitawa don na farko bai fito ba ko takardar ta ɓace, da auna wa ɗan wata shida hasken da ake auna wa ƙato.

Akwai hukumar tarayya, NNRA, da doka ta ɗora wa ba da lasisin irin waɗannan na'urori. Roƙona shi ne Ma'aikatar Lafiya ta haɗa hannu da ita a zagaya ɗakunan hoto na gwamnati da na kuɗi, daga Katsina zuwa Daura da Funtuwa, a duba lafiyar na'ura da takardar shaidar mai sarrafa ta. A kuma wajabta tambayar kowace mace, a keɓe kuma cikin mutunci, ko tana da ciki kafin a kunna na'ura, domin kunya na hana mata da yawa faɗa a gaban mutane. Inda sikanin zai wadatar, a yi shi, tunda da sauti yake aiki, ba da radiyeshan ba. Kowane yaro kuma a rubuta masa hotunan da aka taɓa yi masa a katinsa na asibiti, likita na gaba ya gani kafin ya sake tura shi.

Naka,
Wani uba daga Daura