Zanunan Gidan Zuhudu na Ɗuri Sina

Alƙahira, Masar

Zuwa ga aminina Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali da Mama. Ya sanyin Jos? Ka tambaye ni ko da gaske ne akwai zanen Annabi Isa da ya kai shekara 1,400 a ƙasar nan. Wallahi akwai, na kuma gan shi da idona a gidan 'yan zuhudu na Santa Katarina, a gindin dutsen Ɗuri Sina.

Sarkin Rum Jastiniyan ne ya sa aka gina gidan tsakanin 548 da 565, ganuwarsa tana nan tsaye har yau. Zanunan da ke ciki sun kai 2,000, galibi a kan allunan katako. Mafi tsufa an yi su ne da kakin zuma, a narka shi, a gauraya da launi, a shafa tun yana da zafi. Shi ya sa fatar fuskar take sheƙi har yanzu. Na daɗe tsaye gaban na Almasihu. Hannun dama a ɗage yana sa albarka, na hagu ya rungume Linjila mai kaurin bango. Idan ka rufe rabin fuskar da tafin hannu za ka ga sanyin hali, ɗaya rabin kuwa gira a ɗage, ido ya fi kaifi. Masu gidan suna cewa rahama ce da hukunci a fuska ɗaya. An daɗe ana zaton aikin ƙarni na 13 ne, domin wani ya sake shafa masa fenti. Sai a 1962 aka goge fentin, asalin aikin ƙarni na 6 ya bayyana.

Abin da ya fi taɓa ni, Bulus, shi ne dalilin da ya sa suka tsira. Daga wajen 726 sarakunan Rum suka haramta hotuna a coci, aka yi ta fasa su ana ƙonawa, rikicin bai mutu ba sai 843. A Kustantiniyya, babban birnin Rum (Santambul ta yau), kusan babu allon da ya rage daga wancan zamani. Amma Sina ta riga ta shiga hannun Musulmi tun wajen 640, umarnin sarkin Rum ba ya isa can. Ka ga Musulmi, da ba ma ajiye hoto a wurin ibada, a ƙarƙashin mulkinmu ne waɗannan suka kuɓuta. 'Yan zuhudun suna riƙe da kwafin takardar amana da suke cewa Manzon Allah (SAW) ya ba su, sun ce Sarkin Turkawa Salim ya kai ta asalin Santambul a 1517. A cikin ganuwar kuma akwai masallaci tun zamanin da Faɗimiyawa suke mulkin Masar, daf da cocin, kuma Larabawan ƙabilar Jabaliyya ne ke yi wa gidan hidima kaka da kakanni. Bushewar hamada ita ma ta taimaka, katako ba ya ruɓa a can.

Akwai wani zane na ƙarni na 12 da na san zai burge ka: tsani mai matakala 30 zuwa sama, 'yan zuhudu suna hawa a jere, baƙaƙen shaiɗanu suna fizgo wasu da igiya, wasu suna harbinsu da kibiya. Wani ya kusa kaiwa ƙarshe aka jawo shi.

Baƙi masu ilimi ne suka fi yi wa gidan ɓarna, wannan kuwa yana min ciwo. A tsakiyar ƙarni na 19 wani limamin cocin Rasha, Porfiri Uspenski, ya tafi da huɗu daga cikin allunan kakin zuma mafi tsufa, suka ƙare a gidan tarihi na Kiyef, babban birnin Yukiren. Da yaƙin Yukiren ya tsananta, a 2023 aka kwashe su zuwa Faransa don kada bam ya same su. Da ni ake shawara, gida za a mayar da su.

Idan Allah ya nufe ka da ziyarar ƙasa mai tsarki, ka matsa wa masu shirya tafiyar su biyo da ku ta nan. Da safe kawai ake buɗewa, kuma ka zo da rigar sanyi, daren wurin ya fi na Jos.

Ka gaishe min da Madam da yara.

Naka,
Sani